Bahaguwa

Ina 'yar bakwai Baba ya ɗaure mini hagu da igiyar rama,
ya ce da shi Shaiɗan yake cin tuwo.
Na koyi ci da dama, miya tana zuba a zanena,
hagu na kwance a cinya kamar karen da aka kora daga zaure.

Ina 'yar sha tara aka ce ina magana cikin barci.
Aka ɗauko Malam Ɗan'azumi daga Guri,
ya zo a babur da lasifika da tsumagiya,
da tazargade da kaskon garwashi.
Mata huɗu suka danne ni a tabarmar kaba.
Wane ne kai? Faɗi sunanka!
Na ce Tasalla.
Ya ce ƙarya kake, la'ananne.
Na sake faɗa, tsumagiya ta sake sauka,
har na gane ba sunana ake nema ba.
Sai na ƙago wani. Na ce Barde.
Na ce gidana yana ƙarƙashin kacala, bayan mashayar shanu.
Malam ya yi kabbara, Inna ta share hawaye,
aka sallame shi da zakara da dubu biyar.

Dare na uku, ruwa ya cika fadamar Baturiya,
wani ya ɗaga asabarin ɗakina.
Dogo, jiƙe sharkaf, saiwar bado a sumarsa,
idonsa irin na tarwaɗa, ba ya ƙiftawa.
Fitila ta haska shi, bango bai ga inuwa ba.
Ya ce: kin kira ni a gaban shaidu, ga ni.
Kafin bakinki babu ni.

Na karanto duk abin da na haddace.
Ya tsaya har na idar, ya ce amin.

Bai nemi jini ba, bai nemi baƙin bunsuru ba.
Hannun hagu ya nema,
ya bi tabon igiyar da yatsa mai sanyin randa,
ya tambaye ni abin da nake so.
Na yi shiru kwana tara.
Ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba.

Duk daminar nan a kan gora muka yi ta.
Ya koya mini kukan gauraka,
na koya masa dariya, tana fitowa da kumfa.
Wata rana ya nutsa da ni.
A can ƙasa na gan su jere cikin taɓo,
duk sunayen da aka tatsa daga bakin 'yan mata,
kowanne da fuska rabi, yana jiran mai shi.
Ya ce zauna, a nan ba a duka.
Na ce a nan ma ba a asuba.

Kaka ta zo, ruwa ya soma ja.
Shi ma ya soma ramewa, ina hango kacala ta cikin ƙirjinsa.
Ya ce tsoronki ne abincina, Tasalla,
ga shi kin daina dafawa.
Na so in ji tsoro don ya rayu. Wallahi na gwada.
Daren ƙarshe muryarsa ta fito siririya,
na saurara da kyau, na ji tawa ce,
ta yarinyar nan da ke kan tabarmar kaba.

Har yau in aka kunna lasifika, bayana yana tsuma.
Amma jiya da asuba na ɗauki buta,
na wanke dama sau uku,
na juyo kan hagu, na tsaya ina kallonsa.
Ashe alwala ba ta taɓa tsallake shi ba.
Na wanke shi a hankali, har gwiwar hannu,
ruwan yana ɗan warin bado.